Yadda Ake Ɗaukar Hoton CBCT na Haƙori da Yadda Ake Tsara Aiki da Shi

Tambayoyi sun yi yawa a kan hoton nan mai fuska uku da ake kira CBCT. Wasu daga sababbin likitocin haƙori suke fitowa, wasu daga ma'aikatan ɗakin hoto, wasu kuma daga marasa lafiyar da aka ba takarda aka ce su je su yi shi kafin a dasa musu haƙori. Na'urar kan zagaya kan mutum sau ɗaya, ko rabin zagaye, tana fitar da haske mai siffar mazurari. A wannan zagayen take ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su su zama dunƙule ɗaya wanda za a iya yankawa ta kowace fuska a auna tsawo, faɗi da kaurin ƙashi da milimita. Za mu bi aikin daga farko har ƙarshe da misalin da aka fi haɗuwa da shi: mutumin da ya rasa turminsa na farko a muƙamuƙin ƙasa, yana son a dasa masa wani, wato a kafa dashe (ɗan ƙarfe mai kama da ƙusa) cikin ƙashi a ɗora sabon haƙori a kansa.

1. Rubuta tambayar da kake son hoton ya amsa

Ba a fara aiki da CBCT. Ana fara shi da duba baki, jin tarihin mara lafiya, da hoton eksire na yau da kullum, wato ƙaramin hoton haƙori ɗaya ko hoton fanorama mai nuna duk baki. Sai idan waɗannan sun bar wata tambaya da amsarta za ta canja yadda za a yi aiki, sannan a nemi CBCT. A rubuta tambayar a takardar turawa da kalmomi bayyanannu. "A yi CBCT" ba tambaya ba ce. Ga yadda ya kamata ta kasance: "Gurbin haƙori na 36 (turmin farko na ƙasa, gefen hagu). Ana son sanin faɗin ƙashi da nisan da ke tsakanin saman ƙashi da hanyar jijiya (ramin da jijiyar ji ta leɓe da haɓa ke bi cikin muƙamuƙi), domin dashe."

Dalilin wannan tsanani shi ne radiyeshin, wato hasken eksire da jiki ke sha, wanda ake aunawa da maikirosibat. Jagorar da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2012 ta nuna ƙaramin hoton haƙori yana ba da ƙasa da maikirosibat 1.5 idan an yi shi bisa ƙa'ida, fanorama kuma tsakanin 2.7 da 24. CBCT na yankin haƙora yana kaiwa daga 11 zuwa 674, na duk fuska daga 30 zuwa sama da 1,000, gwargwadon na'ura da yadda aka saita ta. Mutum na samun kimanin maikirosibat 2,400 a shekara daga ƙasa, iska da sararin sama ko bai shiga asibiti ba. Hoto ɗaya da aka saita da kyau ba abin tsoro ba ne, amma dubi tazarar da ke tsakanin 11 da 674. Wani ɓangare na wannan tazara a hannun mai saita na'ura yake.

Gargaɗi: yara sun fi manya jin illar radiyeshin. Ga ɗan ƙasa da shekara 10 haɗarin ya kai ninki uku na mai shekara 30, ga ɗan shekara 10 zuwa 20 kuma ninki biyu. Kada a yi wa yaro CBCT don kawai za a sa masa wayar gyaran haƙori.

Akwai kuma abubuwan da wannan hoto ba ya yi. Ba a neman ruɓar haƙori da shi, domin cikon ƙarfe kan jefa inuwa a gefensa mai kama da ruɓa, a je a huda lafiyayyen haƙori. Ba ya bambance tsoka, ƙari da kaluluwar wuya yadda ya kamata. Idan ana zargin kumburin ya fita daga ƙashi ya shiga nama, CT ko MRI, manyan hotunan asibiti masu nuna nama, ake nema.

2. Zaɓi faɗin wurin da za a ɗauka

Wannan ne matakin da ya fi rage radiyeshin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Na'urori sun bambanta, amma kusan duka suna da rukuni uku. Ƙaramin faɗi, santimita 4 da 4 ko 5 da 5, yana ɗaukar haƙori biyu zuwa huɗu. Shi ne na aikin saiwa (wanke cikin saiwar haƙori da cike ta), haƙorin da ya maƙale, turmin ƙarshe guda ɗaya, da dashe ɗaya. Matsakaici, 8 da 8 ko 10 da 10, yana ɗaukar muƙamuƙi ɗaya ko duka biyun, don dashe da yawa. Babba, daga 15 zuwa sama, na duk fuska ne, ana buƙatarsa a tiyatar gyaran muƙamuƙi, karaya mai yawa, da lalurar tsagewar leɓe da ganda.

A misalinmu 5 da 5 ya wadatar idan awo kaɗai ake so. Idan kuwa za a buga mariƙin da zai jagoranci huda ƙashi, wanda za mu zo kansa a mataki na 9, gara a ɗauki duk muƙamuƙin ƙasa, domin haɗa hotuna na buƙatar haƙora masu nisa da juna a matsayin alama.

Gargaɗi: duk abin da ya shigo cikin hoton, alhakin karanta shi yana wuyanka. Wanda ya ɗauki duk fuska don haƙori ɗaya ya jawo wa kansa karatun gindin ƙoƙon kai da ƙashin wuya, wuraren da yawancin likitocin haƙori ba su da horo a kansu.

3. Saita girman ƙwayar hoto da ƙarfin haske

Dunƙulen hoton an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa daidai, girmansu daga milimita 0.075 zuwa 0.4. Ƙanƙantar ƙwaya na ƙara kaifin hoto, amma tana ƙara radiyeshin da tsawon lokacin ɗauka. Neman ɓoyayyiyar hanya cikin saiwa ko cinyewar saiwa yana buƙatar 0.075 zuwa 0.125. Awon ƙashi don dashe 0.2 zuwa 0.3 ya ishe shi. Duk fuska 0.3 zuwa 0.4.

Yawancin na'urori na aiki tsakanin kilobolt 80 da 120 (ma'aunin ƙarfin hasken), kuma suna zuwa da saiti na yaro, ƙaramin jiki, matsakaici da ƙato. A zaɓi wanda ya dace da mutumin da ke tsaye a gabanka, ba wanda aka bari tun mara lafiyar jiya ba. Idan na'urar na da zaɓin rabin zagaye, wato digiri 180, ya kan rage radiyeshin da kusan rabi kuma awon dashe ba ya lalacewa.

Gargaɗi: kada a sa mafi ƙanƙantar ƙwaya ga tsoho mai rawar kai ko yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Motsin rabin milimita ya shafe duk ribar ƙwaya ta 0.08. Gajeren lokaci da matsakaicin kaifi ya fi musu amfani.

4. Shirya mara lafiya

A tabbatar da suna da gefen da za a ɗauka, a baki da kuma a takarda. A tambayi mace ko tana da juna biyu. Hasken ba ya fuskantar ciki, amma aikin da zai iya jira, irin dashe, a bar shi sai bayan haihuwa.

Sannan a cire duk ƙarfen da ke daga wuya zuwa sama: 'yan kunne, ɗan hanci, sarƙa, tabarau, na'urar ƙara ji, haƙoran roba masu maƙalin ƙarfe, fil ɗin hijabi ko na ɗankwali, da ƙarafan ado na kitso. Ba lallai ne mace ta cire mayafinta ba idan yadin ba shi da duwatsu ko zaren ƙarfe. Abin da ake nema shi ne abin da ke ƙarƙashinsa, don haka a tambaya da ladabi, kuma ya fi kyau ma'aikaciya ta yi tambayar: "Hajiya, akwai fil ko ribom mai ƙarfe a kanki?" Ɗaurin gashi mai tudu a ƙeya kan taɓa hannun na'ura yayin zagaye, a sassauta shi. Maza su cire hula. Babbar riga mai tudun kafaɗa ita ma kan tare hanyar na'ura.

Haƙorin Makka, rawanin ƙarfe da ciko na azurfa ba sa ciruwa. A rubuta inda suke tun kafin ɗauka, domin za su fesa farare da baƙaƙen layuka a daidai layin da suke. Ɗan ɗaga haɓa ko sunkuyar da ita kan kawar da waɗannan layuka daga wurin da ake son gani.

Abin kare maƙogwaro na dalma ana sa shi idan ba zai shiga wurin da ake ɗauka ba, musamman ga yara da hoton muƙamuƙin sama. Idan ya shiga cikin hasken zai ɓata ƙasan hoton gaba ɗaya, a dawo ana sake ɗauka.

5. Tsayar da kai cikin na'ura

Nan ake cin nasara ko a faɗi. A daidaita tsayin na'ura da mutum, kada a sa mutum ya yi ɗage ko ya rusuna don ya kai. Ƙafafu a ware kaɗan, hannaye su kama mariƙin na'ura, kafaɗu a sauke. Haɓa ta zauna a mazauninta, goshi ya jingina, maɗaurin kai ya riƙe gefe biyu. Layin haske na tsaye ya bi tsakiyar fuska, na kwance kuma ya bi daga ramin kunne zuwa ƙasan ido, ko kuma a daidaita layin cizo da ƙasa, gwargwadon abin da littafin na'urar ya ce.

Don dashe, a raba haƙoran sama da na ƙasa da naɗin auduga ko sandar cizo, domin saman haƙora ya fito sarai ba tare da ya haɗe da na sama ba. Idan aka cusa wani naɗin auduga tsakanin kunci da dasashi, iska za ta raba su a hoto, a iya ganin kaurin dasashi. Don gaɓar muƙamuƙi ko gyaran jerin haƙora akasin haka ake yi: baki a rufe, haƙora su haɗu yadda suka saba.

Kafin a danna, a gaya wa mara lafiya abin da zai faru: "Baba, wannan hannun zai zagaya kanka, ba zai taɓa ka ba. Haɗiye yawu yanzu, ka rufe ido, ka yi numfashi ta hanci, kada ka motsa sai na ce an gama." Rufe ido yana da dalili. Mutum kan bi hannun na'ura da ido, kai kuma ya bi idon. Ga yaro ko mai tsoro, a zagaya na'urar sau ɗaya ba tare da haske ba ya gani.

A ɗauki hoton gwaji, ɗan ƙaramin da ke nuna inda da'irar ɗauka ta faɗa. A ƙaramin faɗi wannan wajibi ne. A misalinmu dole da'irar ta haɗa da haƙori na 35 da na 37, wato na gaba da na bayan gurbin, ta kuma sauka har ƙasan muƙamuƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga da'irar sama har ta ɗauki rawanin haƙora da kyau ta yanke hanyar jijiya, wato ainihin abin da aka zo nema.

6. Ɗauka, da dubawa kafin mutum ya tafi

Ma'aikaci ya tsaya bayan bango ko gilashin kariya, yana ganin mara lafiya, yatsansa a kan maɓalli har ƙarshe. Ɗaukar kan ci daƙiƙa 5 zuwa 40. A Najeriya Hukumar NNRA, mai sa ido kan harkokin nukiliya, ce ke ba da lasisin mallaka da amfani da na'urorin radiyeshin, kuma ma'aikacin ɗakin ya kamata ya riƙa sanye da bajon auna radiyeshin.

Gargaɗi: kada a haɗa na'urar kai tsaye da wutar gari ko janareta. A sa mata na'urar daidaita wuta da batirin ko-ta-kwana mai ƙarfin da ya kai, ita da kwamfutarta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagaye, mara lafiya ya sha hasken a banza kuma sai an sake.

Kafin a ce masa ya tafi, a buɗe hoton a duba abu uku. Wurin da ake nema ya shigo duka? Gefen ƙashi da na haƙora layi ɗaya ne, ko sun fito biyu-biyu? Fitowa biyu alamar motsi ce, kuma awo a irin wannan hoto ba abin dogaro ba ne. Akwai zobba masu zagaye a tsakiyar yanka? Wannan matsalar farantin karɓar haske ne, na'urar na neman a sake daidaita ta. Ba kowane aibi ne ke sa a sake ɗauka ba. Idan hoton ya amsa tambayar da aka rubuta a mataki na 1, ya isa, ko da bai yi kyaun gani ba.

7. Karɓi cikakken fayil

Abin da ake buƙata shi ne fayilolin DICOM, wato ainihin fayilolin hoton da na'ura ta fitar, gaba ɗaya, yawanci ɗaruruwa a jaka ɗaya, nauyinsu daga megabayit 50 zuwa ɗaruruwa, tare da manhajar kallo. A karɓa a filashi, faifai, ko ta hanyar saukewa daga intanet. Hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp ba ya aunuwa, ba ya yankuwa, kuma an matse shi har ƙananan abubuwa sun ɓace. Mara lafiya ya nemi kwafinsa ya adana. Zai yi masa amfani idan ya canja likita, ya kuma hana a sake haska shi.

8. Karanta hoton

Kada a fara da hoton ƙoƙon kai mai juyawa. Yana da kyau wajen yi wa mara lafiya bayani, amma kwamfuta ce ke zaɓar abin da za ta nuna a matsayin ƙashi, sau da yawa takan nuna rami inda akwai siririn ƙashi. Ana yanke hukunci ne a kan yanka uku: na kwance, na gaba, da na gefe.

A rage hasken ɗaki. A daidaita haske da duhun hoto har a bambance ɓawon ƙashi da cikinsa. Sannan a bi kowane yanka daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake ba, kafin a je wurin da ake sha'awa. A nan ake cin karo da abin da ba a zo nema ba: ƙurji a ƙarshen saiwar wani haƙori, guntuwar saiwa da aka bari, kaurin fatar kogon iska na kunci, haƙorin ƙari da ke kwance cikin ƙashi, ko ƙullutun alli a gefen wuya kusa da babbar jijiyar jini. Duk abin da ba a gane ba a tura wa ƙwararren likitan hoto. A rubuta rahoto ko da layi biyar ne, a sa a fayil.

Don dashe, a zana lanƙwasar muƙamuƙi a yankan kwance, ta bi tsakiyar ƙashi. Manhaja za ta fitar da yanka na gicciye, a sa tazarar milimita 1 tsakaninsu. Idan lanƙwasar ta karkace, yankan zai ratsa ƙashin a karkace, faɗin ya fito fiye da gaskiya. Wannan kuskure ba ya nuna kansa, shi ya sa ya fi haɗari.

Sai a bi hanyar jijiyar muƙamuƙin ƙasa. A fara daga ramin da take fitowa kusa da ƙananan turame, inda ta fi bayyana, a bi ta baya yanka bayan yanka ana sa alama. A tsofaffi masu sakakken ƙashi bangon hanyar kan ɓace a wasu yanka. A nan a koma yankan gefe a haɗa inda aka gan ta gaba da baya. A lura kuma cewa jijiyar kan wuce ramin fitarta ta yi gaba kaɗan kafin ta juyo, don haka gaban ramin ba wurin sakin jiki ba ne.

Ga ƙa'idojin awo. A bar aƙalla milimita 2 tsakanin ƙarshen dashe da saman hanyar jijiya. Milimita 1.5 tsakanin dashe da saiwar haƙorin maƙwabci. Milimita 3 tsakanin dashe biyu. Ƙashin da zai rage ta wajen kunci ya kai 1.5 zuwa 2, ta wajen harshe aƙalla 1. Ke nan dashe mai kaurin milimita 4 na son ƙashi mai faɗin kusan 7, da gurbi mai tsawon aƙalla 7 tsakanin haƙora biyu.

A ce an auna daga saman ƙashi zuwa hanyar jijiya an samu milimita 13. A cire 2 na kariya, saura 11. Bakin abin huda kan zarce alamar da aka rubuta a jikinsa, a wasu kamfanoni har kusan milimita 1 ko fiye, a duba takardar kamfanin. Saboda haka dashe mai tsawon 10 shi ne daidai, ba 11.5 ba. Idan saman ƙashin siriri ne mai kaifi wanda sai an rage shi kafin a samu faɗi, a fara awon daga inda za a tsaya da ragewa, ba daga tsinin ba.

Gargaɗi: a dubi ɓangaren harshe na muƙamuƙi a ƙasan turame. A wurin mutane da yawa ƙashin kan lotsa ciki a nan, abin da fanorama ba ya taɓa nunawa. Abin huda da ya fasa wannan bango na iya yanke jijiyar jini a ƙasan harshe, kumburin ya toshe numfashi. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin CBCT kafin dashe a wannan yanki.

Gargaɗi na biyu: lambobin duhu da haske da manhaja ke nunawa ba ma'aunin ƙarfin ƙashi ba ne irin na CT na asibiti. Suna canjawa daga na'ura zuwa na'ura, har ma daga tsakiyar hoto zuwa gefensa. A dubi kaurin ɓawon ƙashi da yawan saƙar cikinsa da ido.

A muƙamuƙin sama abin lura shi ne kogon iska. Idan ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya kai milimita 5 ko fiye, akan iya ɗaga benen kogon ta ramin dashen. Idan bai kai 4 ba, yawanci sai an buɗe taga ta gefe an zuba ƙashi. A nemi katangun da ke raba kogon, da ƙaramar jijiyar jini da ke bin bangon gefe, a kuma tabbatar ƙofar da kogon ke zubarwa cikin hanci a buɗe take.

9. Haɗa hoto da siffar baki, a buga mariƙi

CBCT na nuna ƙashi da kyau amma ba ya nuna saman haƙora da dasashi da kaifin da mariƙi ke buƙata. Don haka ake ɗaukar siffar baki da kyamarar cikin baki, ko a ɗauki gwaji da ƙullun awo a zuba filasta a haska samfurin. Fayil ɗin siffar baki da ya fito, wanda ake kira STL, shi ake ɗorawa a kan DICOM cikin manhaja irin su coDiagnostiX, Blue Sky Plan ko Romexis.

A zaɓi maki uku zuwa biyar masu nisa da juna a kan haƙoran da ba su da ƙarfe. Bayan manhaja ta haɗa, a bi yanka a gani ko layin siffar baki ya kwanta daidai a kan haƙora gaba da baya, hagu da dama. Duk kuskuren da aka bari a nan zai bi mariƙin har cikin ƙashi. Ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya, ana manna ƙananan alamu masu fitowa a hoto a jikin haƙoransa na roba, a ɗauke shi sanye da su, a sake ɗaukar haƙoran robar su kaɗai, alamun su haɗa hotunan biyu.

Tsari yana farawa daga sama. A fara zana haƙorin da za a ɗora a inda cizo ke buƙatarsa, sannan a sa dashen ƙarƙashinsa. Idan ƙashi bai kai wurin ba, a tsara ƙarin ƙashi. Wanda ya bi inda ƙashi ya fi yawa kaɗai zai ƙare da dashe mai ƙarfi wanda haƙorinsa ya karkace, ba ya tauna ba ya gogewa.

Bayan an buga mariƙin, a gwada shi a baki kafin ranar aiki. Ya zauna daram, kada ya yi lilo. A tabbatar mara lafiya na iya buɗe baki yadda mariƙi da dogon abin huda za su shiga a yankin turame. Ko da mariƙi, dashe kan kauce daga tsari da kimanin milimita 1 zuwa 1.5 da digiri 3 zuwa 4, shi ya sa milimita 2 ɗin nan na kariya ba ya raguwa don an yi amfani da kwamfuta.

10. Idan ba dashe ba ne

Turmin ƙarshe na ƙasa: ana neman CBCT idan fanorama ta nuna saiwa ta yi duhu inda ta haɗu da hanyar jijiya, ko farin layin hanyar ya katse, ko hanyar ta kauce. A yankan gicciye a gano ko jijiyar na wajen kunci, wajen harshe, ƙasa, ko tsakanin saiwoyi, da ko akwai ƙashi tsakaninsu. Idan ta matse a jikin saiwa ba bango, akan zaɓi cire kan haƙorin a bar saiwar.

Aikin saiwa: turmin farko na sama a fiye da rabin mutane yana da hanya ta huɗu a saiwar gaba ta wajen kunci, kuma rashin gano ta na daga manyan dalilan da ciwo ke dawowa. A juya yanka ya bi tsawon saiwar, sannan a sauka a yankan kwance daga wuyan haƙori zuwa ƙarshe. Tsagewar saiwa a haƙorin da aka riga aka cike ko aka sa wa sandar ƙarfe tana da wuyar tabbatarwa, domin cikon kansa na jefa baƙin layi mai kama da tsaga. Siririn ramin ƙashi da ke bin gefen saiwar ya fi layin zama hujja.

Fiƙar sama da ta maƙale: takan fito a shekara 11 zuwa 12. Idan ta ƙi fitowa kuma hotunan yau da kullum sun kasa nuna ko tana cin saiwar haƙorin gefenta, ƙaramin faɗi da saitin yara ya isa.

11. Kuɗi da lokaci

Farashi na bin girman faɗin da aka ɗauka da garin da ake. Na'urar kanta dubun-dubatar daloli ce, ga kuɗin gyara da wuta, shi ya sa CBCT ya ninka fanorama a kuɗi. Kafin a biya a tambayi abu huɗu: farashin ya haɗa da rahoton ƙwararre? Za a ba da cikakken DICOM? Idan hoton ya lalace ta dalilin saiti, wa zai biya na biyu? Tsarin dashe da buga mariƙi suna ciki ko dabam? Yawanci dabam suke. Wanda zai yi tafiya daga wani gari ya sa likitansa ya yi magana da cibiyar tukuna a kan faɗi da girman ƙwayar da ake so, kada ya dawo da hoton da bai kai ba.

Lokacin ɗauka ma yana cikin lissafi. Bayan cire haƙori ƙashin gurbin kan rage faɗi har kusan rabi cikin shekara ta farko, kuma mafi yawan raguwar na faruwa a wata uku na farko. Hoton da aka ɗauka kafin cirewa ba ya aiki don dashen da za a yi bayan wata huɗu. A ɗauke shi kusa da ranar aiki, bayan gurbin ya warke, ko bayan ƙashin da aka ƙara ya kama. Bibiyar dashen da ba ya ciwo kuwa ƙaramin hoton haƙori ya ishe ta. Ana komawa CBCT bayan aiki ne idan leɓe ko haɓa sun mutu ba su farfaɗo ba bayan allurar kashe zafi ta sake, ko ana zargin dashen ya shiga kogon iska ko ya fasa bangon ƙashi. A yanayin mutuwar leɓe a ɗauki hoton a ranar, domin idan dashen na danne jijiya, janye shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu ne ke ba ta damar warkewa.